Ɓarawon da Ake Buɗe wa Ƙofa

   

A kusan kowane gida na garin nan na Dingyadi akwai yaro ɗaya da ake ƙwala wa kira idan waya ta rikice. Shi ke karanta wa kakansa saƙon banki. Shi ke riƙe da katin cirar kuɗi na mahaifiyarsa, shi ke zuwa wurin mai POS ya ciro mata kuɗin cefane. Idan an ce ana cike fom na tallafi, wurinsa maƙwabta ke kawo lambobinsu a rubuce a ƙyallen takarda. Wani lokaci ba yaro ba ne, yarinya ce 'yar sakandare, ko mai shagon kwamfuta na bakin titi, ko mai cajin waya. Irin wannan mutum lambobin sirrin mutum goma ko ashirin suna cikin kansa. Idan ya yi kuskure ɗaya, gida guda ne ke kwana cikin baƙin ciki. Saboda haka wannan lacca tasa ce kafin kowa, sannan ta iyayen da suka damƙa masa amana.

A ɗauki misalin abin da ke faruwa kullum a ƙasar nan. Dattijo ya sayar da ragunansa gab da Babbar Salla, kuɗin sun shiga asusunsa. Bayan Azahar yana zaune a zaure sai waya ta yi ƙara. Muryar da ke ciki Hausa ce tsantsa, ga ladabi. "Baba, barka da yini. Daga banki ake kira. An samu matsala a BVN ɗinka, idan ba a gyara ba kafin ƙarfe huɗu za a rufe asusun." Sai mai kiran ya faɗi cikakken sunan dattijon, da sunan mahaifinsa, da ranar haihuwar da ke jikin takardunsa. Jin haka sai zuciyar dattijo ta natsu, ya miƙa wa jikansa wayar ya ce, "Karanta masa abin da yake so." Jikan ya karanto lambobin da ke fuskar katin, ya juya ya karanto guda uku na baya. Sai saƙo ya shigo mai lamba shida. "To, ɗana, karanto mini wannan, mun gama ke nan." Kafin a kira sallar La'asar, kuɗin raguna sun ratsa asusu uku ko huɗu sun ɓace.

Babu wanda ya fasa banki a wannan labarin. Lambar nan mai shida bankin ne da kansa ya turo ta, kuma ma'anarta ita ce, wani yana son ya cire kuɗinka, idan kai ne ka tabbatar. Da jikan ya karanta saƙon har ƙarshe, da ya ga gargaɗin da bankuna ke haɗawa da shi cewa kada a faɗa wa kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatar wannan lamba, ba ya buƙatar lambar sirrin kati, kuma ba ya gyara BVN ta waya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da tsarin BVN a watan Fabrairu na 2014, gyaransa sai mutum ya je da ƙafarsa.

To ina suka samo sunan dattijon da ranar haihuwarsa? Nan ne maganar kwamfuta ta shigo. Waɗannan bayanai suna zube a wurare da yawa: a kwafin katin ɗan ƙasa da aka bari a shagon buga takardu, a jerin sunayen da ake turawa zaurukan WhatsApp, sannan mafi yawa a shafukan bogi na neman tallafi da aiki. Tun da aka fara shirin N-Power a 2016, duk lokacin da gwamnati ta sanar da wani shiri, ko ɗaukar soja, ɗan sanda ko kwastan, ba a kwana biyu sai shafukan ƙarya sun fito ɗauke da tambarin gwamnati da hoton shugaban ƙasa. Saƙon yakan zo da umarni cewa a tura wa mutum goma sha biyar ko zaure biyar kafin a ga sunan mutum. Wannan umarnin kaɗai ya isa shaida cewa ƙarya ce. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya akasari adireshinsu yana ƙarewa ne da gov.ng, kuma babu hukumar da ke sharɗanta a tallata ta kafin ta karɓi takarda. Wanda ya cike fom ɗin bogi bai samu taki ba, bai samu aiki ba, amma ya miƙa sunansa, lambar wayarsa, NIN da sunan bankinsa. Bayan wata biyu sai kiran "banki" ya zo.

Yanzu a leƙa shagon kwamfuta, irin wanda ake samu a Bodinga ko a kusa da makarantu a Sakkwato. Janareta na ruri a waje, ɗalibai sun yi layi, kowa da filashinsa a hannu. Ɗaya ya zo buga aikin makaranta, ɗaya takardar neman aiki, wani kuma ya zo a zuba masa karatu da fina-finai. Filashi talatin suna iya shiga kwamfuta ɗaya a wuni. Wata ɗaliba ta koma gida ta sa nata a kwamfutar yayanta, sai ta ga manyan fayilolinta sun koma wasu alamomi masu ɗan kibiya a kusurwa. Ta danna ɗaya, ya buɗe, ta ga aikinta, hankalinta ya kwanta. Abin da ba ta gani ba shi ne, dannawar nan ta tayar da wata ɓoyayyiyar manhaja da ta kwafe kanta cikin kwamfutar, tana jiran filashi na gaba. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji ɓarna kawai suke yi. Wasu kuwa suna rubuta duk abin da aka danna a madannai, har da lambar sirrin imel da ta banki, su aika wa maigidansu da zarar an haɗa da intanet.

Abin ba sabo ba ne. Ɗaya daga cikin bairos na farko-farko da suka yaɗu a kwamfutocin gida da ofis, wanda ake kira Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma ta faifan ajiya ya riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu, tamkar yadda filashi ke yi a yau. An kira shi da sunan ƙwayar cuta ne saboda kamannin: yana buƙatar jikin da zai shiga, kuma mai ɗauke da shi bai san yana yaɗa shi ba.

Babbar ƙofar waɗannan cututtuka a ƙasarmu ita ce manhajar sata. Kwamfuta ta hannu da aka sayo a kasuwa, akasari an zuba mata Windows da sauran manhajoji waɗanda aka fasa don kada a biya kuɗi. Wanda ya fasa manhajar ya ɗora ta a intanet kyauta ba waliyyi ba ne. Sau da yawa ya cusa wani abu a ciki. Kuma don manhajar da aka fasa ta yi aiki, mai gyara yakan kashe rigakafin kwamfutar, ya kuma toshe hanyar sabuntawa. Ga mutane da yawa kuma, sabuntawa cin data ne kawai, don haka da kansu suke kashe ta.

Abin da ya faru a ranar 12 ga Mayu, 2017, ya nuna tsadar wannan tsimi. A ranar wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Tana shiga sai ta kulle duk fayilolin da ke ciki, ta rubuta a fuskar kwamfutar cewa a biya fansar dala 300 kafin a buɗe. Garkuwa ce, amma da takardu maimakon mutane. A Ingila asibitocin gwamnati suka rikice, aka soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ƙofar da manhajar ta bi tun watan Maris, wata biyu kafin aukuwar abin. Waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu sun tsira. Yau kuma akwai ƙarin dalilin damuwa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, kuma kulawar yau da kullum ga Windows 10 ta ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutoci da yawa a makarantunmu, sakatariyoyin ƙananan hukumomi da shaguna suna kan waɗannan biyun. Wadda ba za ta iya ɗaukar sabon tsari ba, to aƙalla kada a riƙa shiga banki da ita, kuma muhimman takardu a kwafe su a wata ma'ajiya daban da ba ta manne da kwamfutar. Rigakafin da ke zuwa tare da Windows, wato Microsoft Defender, kyauta ne kuma ya wadatar ga mafi yawan mutane, muddin an bar shi a kunne.

Kada wani ya ɗauka rashin boko ne ke sa a faɗa tarko. A watan Afrilu na 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan injinan Caterpillar daga ofishinsa na Ingila, ya samu imel ɗauke da linki. Ya danna, shafi ya buɗe mai kama da na Microsoft sak, ya rubuta sunansa da lambar sirrinsa. Daga nan ɓarayi suka shiga akwatin imel ɗinsa, suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har kusan dala miliyan 11 suka fita. Wanda aka kama da laifin ɗan Najeriya ne, Obinwanne Okeke, da aka fi sani da Invictus Obi, matashin da mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa shi cikin fitattun matasa 'yan kasuwa a 2016. An kama shi a Amurka a 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a Fabrairun 2021. Mutumin da aka yaudara babban jami'in kuɗi ne. Abin da ya rasa daƙiƙa biyar ce ta duba adireshin da ke saman shafin kafin ya rubuta sirrinsa.

Wannan dubawa ita ce ginshiƙin komai, kuma mutanen wannan yanki ba baƙinta ba ne. A nan kusa, a Sifawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Ilimin da suka gada suka gadar yana da ƙa'ida mai ƙarfi: ba a karɓar labari sai an san wanda ya kawo shi da wanda ya ba shi. Aya ta shida a Suratul Hujurat a kan bin diddigin labari ta sauka. Almajirin da ya san ba a karɓar hadisi ba tare da isnadi ba, bai kamata ya karɓi saƙon WhatsApp da ba a san asalinsa ba, ya kuma tura wa mutum ɗari.

WhatsApp ɗin ma kansa ana sace shi, kuma hanyar kusan iri ɗaya ce kullum. Wani ya kira ya ce shi ɗan zaurenku ne na tsofaffin ɗalibai, ko na ƙungiyar ci gaban gari, za a yi taro da daddare ta intanet, an turo maka lambar shiga, ka karanto. Lambar nan mai shida ita ce mabuɗin da WhatsApp ke turowa idan wani yana ƙoƙarin ɗora layinka a wata waya. Da an karanto, asusun ya koma hannunsa. Cikin mintuna sai 'yan'uwa su fara samun saƙo da sunanka da hotonka: "Don Allah ka ranta mini dubu hamsin, ina asibiti, gobe zan mayar." Saboda zumunci da kunyar hana ɗan'uwa, sai a tura. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta: akwai wurin tabbatarwa mai mataki biyu, inda mutum zai zaɓi wata lamba shida tasa ta kansa, ko ɓarawo ya samu ta farko sai ya ci karo da ta biyu. Ba ya ɗaukar minti biyu. Wanda kuma ya samu saƙon neman rance, ya kira mai shi ya ji muryarsa, ya tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani, domin yanzu ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon murya da fuska. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin injiniya na Arup ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da fuskokin shugabanninsa, alhali duk na bogi ne.

Ga kuma irin su GB WhatsApp da matasa ke turawa juna waya zuwa waya don suna ɓoye cewa an karanta saƙo. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, babu su a Play Store, kuma wanda ya ɗora su ya damƙa hirarsa da hotunan iyalinsa ga mutumin da bai san ko a wace ƙasa yake ba.

Sai babbar musiba, wadda ta fi kowacce cinye dukiyar talakawa: jarin da ke ninka kansa. A 2016 MMM ya mamaye Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Mai shi, Sergei Mavrodi, ɗan Rasha ne da aka riga aka ɗaure a ƙasarsa kan irin wannan zamba. Hukumomi sun yi gargaɗi, mutane suka ce hassada ce. Ranar 13 ga Disamba, 2016, aka daskarar da asusun kowa. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar kusan naira biliyan 18. An ɗauka an ji jiki. Sai ga CBEX, da alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, wai na'ura ce mai basira ke yin ciniki da su. A watan Afrilu na 2025 ya rufe, mutane suka buɗe wayoyinsu suka tarar babu ko sisi, fusatattu suka wawashe ofishinsa a Ibadan. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari, SEC, ta ce ba ta taɓa yi masa rajista ba.

Yadda abin ke aiki a fili yake. Babu kasuwanci a ƙarƙashinsa. Kuɗin waɗanda suka shigo yau da su ake biyan waɗanda suka shigo jiya. Shi ya sa na farko-farko suke samun kuɗi da gaske, su sayi babur, su nuna alat, su zama 'yan talla ba tare da sun sani ba. Kuma shi ya sa wanda ke jawo mutum ciki yawanci ba baƙo ba ne, aboki ne, ko suruki, ko wanda ake sahu ɗaya da shi a masallaci. Wannan ita ce zamba cikin aminci ta zamani, kuma ɓarnarta ta wuce kuɗi, domin tana raba zumunci. Manomin albasa ya san wata nawa yake ban ruwa kafin ya ga riba, kuma ya san shekarar da farashi ke faɗuwa. Mai kiwo ya san abin da rago ke ci kafin Salla. Duk sana'ar da ta ce riba tabbas ce, ninki ce, babu faɗuwa, to ta saɓa wa abin da kowane ɗan kasuwar Dingyadi ya sani da idonsa. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari. Doka tana hukunta mai laifi, amma da wuya ta dawo da kuɗin.

Matasa masu mainin, wato neman kuɗin kirifto ta waya, su ma suna da nasu tarkon. Kowa ya tuna 2024, lokacin da yara da manya suka duƙufa danna fuskar waya saboda wasan Hamster Kombat, da kuma dogon jiran da masu kuɗin kirifto na Pi suka yi har zuwa Fabrairun 2025. Ko mene ne ra'ayin mutum kan waɗannan, abu ɗaya tabbas ne: lalitar kirifto tana da jerin kalmomin sirri, 12 ko 24, kuma duk wanda ya san su shi ne mai lalitar. Shafukan bogi da ke cewa a zuba kalmomin don a "tantance" ko a ba da kyauta, sharewa suke yi nan take, kuma a wannan harka babu manajan banki da za a je a yi wa kuka.

Akwai nau'i biyu da ba a cika faɗa a taro ba saboda kunya, amma dole a faɗe su. Na farko manhajojin bashi. Mutum ya matsu, ya sauke manhaja, ta nemi izinin ganin lambobin wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. An ba shi dubu goma, bayan mako guda ana neman kusan ninki. Da ya makara sai a aika wa surukansa, malaminsa da maigidansa saƙo cewa shi ɓarawo ne. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin mutane, a Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Legas. Ita FCCPC tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su, a duba kafin a taɓa.

Na biyu ya fi ciwo. Wani asusu mai hoton kyakkyawar mace, ko na saurayi mai daɗin baki, ya ja yaro ko yarinya da hira har a kai ga tura hoton da bai kamata ba. Daga nan murya ta canza: a biya, ko a watsa. A watan Yuli na 2024 kamfanin Meta ya ce ya goge asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya masu wannan aiki. A Satumbar shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan'uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowanne, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa saboda barazanarsu. Iyaye, a nan nauyin yana wuyanku. Yaron da ya faɗa wannan rami ya yi kuskure, amma idan ya tabbata duka da tozarci ne ke jiransa a gida, zai yi shiru, zai saci kuɗi ya biya, kuma biya ba ya sa su daina. Wanda ya san akwai babba ɗaya da zai saurare shi, shi ne ke tsira.

Kunyar nan ita ce jarin 'yan damfara a ko'ina. Dattijon da aka kwashe wa kuɗin raguna yakan ɓoye, don kada a ce an yi masa wayo. Shirunsa ne ke ba su damar kiran maƙwabcinsa gobe da kalmomi iri ɗaya. Da zai faɗa a majalisa, ko liman ya sanar bayan sallar Juma'a ba tare da ambaton suna ba, da unguwa guda ta tsira.

Wata kalma ga matasan da harkar damfara ke ba sha'awa. Sun ga hotunan Ramon Abbas, wato Hushpuppi, da motocinsa a Dubai. An kama shi a Yunin 2020, kotun Los Angeles ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a Nuwambar 2022. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene guda a Victoria Island ta Legas, cikinsu akwai 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40. Sauran akasari matasan Najeriya ne da aka ɗauka aikin yaudarar mutane ta intanet. A garuruwa irin namu tarkon ya fi sauƙi: wani ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi, ya ba ka na goro, ko ya sayi NIN da BVN ɗinka da 'yan canji ya buɗe asusu da sunanka. Ranar da bincike ya biyo sawun kuɗin sata, ko na fansar mutanen da aka sace, sunan mai asusun ne zai fito, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta karɓar "ban sani ba" cikin sauƙi. Wannan gari ya fitar da ministan harkokin 'yan sanda na ƙasa, Muhammad Maigari Dingyadi, daga 2019 zuwa 2023. Bai dace a ji sunan ɗan garin nan a jerin waɗanda ake nema ba saboda dubu biyar.

Idan kuma abin ya riga ya faru, sa'ar farko ita ce mafi tsada. A kira banki nan take ta lambar da ke bayan kati, ba wadda mai kiran ya bayar ba, a ce a toshe kati da asusu. Bankuna suna da gajerun lambobin da ake dannawa daga kowace waya a kulle asusu. Kowa ya nemi ta bankinsa ya rubuta a takarda tun yau. Kada a goge saƙonni, su ne shaida. Washegari a je reshen banki a rubuta koke, a kai rahoto ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja, ko ofishin shiyya na EFCC da ke Sakkwato. Abin da ya shafi kamfanin waya kuma, hukumar sadarwa ta NCC tana da layin koke kyauta, 622. Idan waya ce aka sace, layin ya fi wayar haɗari, domin da shi ɓarawo ke neman BVN ya shiga asusu, saboda haka a toshe shi tun kafin a fara jimamin wayar.

'Yan kasuwa da masu POS kuma, saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Kada buhu ya hau mota sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna.

Roƙo na ƙarshe ga yaran nan da gidaje suka dogara da su. Yau da daddare, bayan Isha'i, kowannenku ya zauna da iyayensa da kakanninsa. Ku sa wa kowane layi lambar kulle, ku kunna mataki na biyu a WhatsApp ɗin kowa, ku canza duk lambar sirrin da take shekarar haihuwa ce ko 1234, ku cire takardar da aka rubuta lamba aka naɗe kati da ita. Sannan ku gaya musu da baki, a hankali, har su maimaita: duk wanda ya kira ya nemi lamba, a kashe waya a jira ku dawo. Masu shagunan kwamfuta kuma, ku goge kwafin takardun mutane da zarar kun gama bugawa, amana ce aka bar muku.

Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.